Ciwon Aro na Haulat

Matan ɗaliban Najeriya da ke zaune a unguwar Nu'aija ta birnin Doha sun san Haulat da ɗaure fuska. Idan aka taru wajen suna ko walima, takan nemi kujerar da ke kusa da ƙofa, ta ci abin da za ta ci, ta tashi kafin hira ta yi nisa. Wasu na cewa girman kai ne. Ba shi ba ne. Ta riga ta san inda hirar ke ƙarewa. Wata baƙuwa za ta ƙura mata ido ta ce kamar ta san fuskar nan, wata ta raɗa mata cewa ai Haulat Funtuwa ce ta fim, sannan baƙuwar ta dafa kafaɗarta cikin tausayi ta ce Allah ya taimake ta da ya raba ta da wannan harka. Haulat takan ce amin don kada a ce ba ta da kunya, amma har ta isa gida maganar na cin ta.

A Funtuwa aka haife ta, gidan Malam Ja'afaru mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Cikin muryoyi ta tashi, domin duk akwatin da aka gyara sai an kunna an gwada. Tun tana firamare take kwaikwayon masu kawo gyara: tsohon da ke rantsuwa rediyonsa lafiya lau yake kafin jikansa ya taɓa, da malamar asibitin da ke magana ta hanci. Mahaifinta kan ajiye sukundireba ya yi dariya har da hawaye. Shi ne ya tsaya mata lokacin da ta je Kaduna karatu ta shiga wasan kwaikwayon wani gidan talabijin, shi ne kuma ya rufe bakin dangi lokacin da masu fim na Kano suka neme ta.

Ba ta daga cikin masu rawa da waƙa, ba ta kuma da irin hasken fatar da furodusoshi ke gudu a kai. Abin da take da shi aiki ne. An fi tunawa da ita a matsayin wata mai sayar da abinci a tasha, mai kaifin baki, wadda aka rubuta mata fitowa biyu kacal amma darakta ya yi ta ƙara mata har ta kusa cinye fim ɗin. Tana iya kuka ba tare da an shafa mata komai a ido ba. Shekara shida ta yi tana hawa a hankali, kuma daidai lokacin da aka fara rubuta labari ana cewa wannan na Haulat ne, sai Uwais ya zo neman aurenta.

Uwais malamin jami'a ne, mai sanyin hali, mai karatun haɗa magunguna. Ta so shi, har yanzu ma tana sonsa, kuma wannan na cikin abin da ke ƙara mata haushi. A gaban mahaifinta ya yi alkawarin ba zai hana ta sana'arta ba. Ba a yi wata guda da biki ba yayansa Haladu ya tara 'yan gidansu ya ce su ba su gaji ganin matar gidansu a bangon shagon kaset ba. Uwais bai yi musu ba. Ya dawo ya ce mata ta ɗan dakata tukuna, har ƙura ta lafa.

Ko da ma ya tsaya mata, masu fim ɗin sun riga sun yanke nasu hukuncin. Wayarta ta yi shiru. Da ta kira daraktan da ya ba ta wani labari har ta haddace rabinsa, sai ya yi mata nasiha cewa matar aure ba ta fim, ta je ta riƙe ɗakinta. Shi kuwa yana da iyali tun kafin ta san shi, bai taɓa fasa fita aiki ba ko na yini ɗaya. Aka ba wata yarinya rawar, Haulat ta kalla a falonta tana jin yarinyar na hadiye kalmomin da ita ta san inda ya kamata a ja numfashi a cikinsu. Mazan da suka fara tare suka yi ƙiba, suka yi furfura, aka koma ba su matsayin alhazai da iyayen gida, ana ta karrama su. Ita kuma ta haifi Sana, ta iya girki iri-iri, ta ci gaba da jiran tukunan nan da ba ta da ranar ƙarewa.

Da Uwais ya samu tallafin karatun digiri na uku a Doha, sai suka tattara suka taho. Gida mai kyau ne, hawa na biyu, idan ana wasa a filin ƙwallon da ke kusa har ihun 'yan kallo suna ji. Da safe motar makaranta ta ɗauki Sana, Uwais ya tafi ɗakin bincike, ita kuma ta zauna da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. A watannin zafi ko tagar ba ta buɗuwa. Ta fara yi wa tukwane tsawa, ta fara yi wa Sana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta zauna tana jin kunyar kanta.

Maƙwabciyarta Adijatu, 'yar Zangon Kumasi mai karatun jinya, ita ta kawo mata labarin aikin. Ta ce a wata cibiyar horar da ma'aikatan lafiya da ke Lusail ana ɗaukar mutane su yi kamar marasa lafiya, don ɗalibai su koyi yadda ake tambayar majinyaci da yadda ake faɗa masa labari marar daɗi. Ana ba mutum takarda, a ce kai wane ne, ga abin da ke damunka, ga abin da kake ɓoyewa. Haulat ta faɗa wa Uwais cewa aikin asibiti ne. Ya sa hannu a takardar izini. Ta san wasan kwaikwayo ne, shi ma ya sani, babu wanda ya furta.

Mai kula da masu ciwon aron wata Baturiya ce 'yar Ostireliya, Koral Henshaw, doguwa mai gajeren farin gashi da murya kamar ta wanda ya daɗe yana tari. Ta haura sittin, kuma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ranar farko ta miƙa wa Haulat takardar wata mata mai ciwon ciki wadda ta daina shan magani a ɓoye saboda tana tsoron zai hana ta haihuwa. Haulat ta karanta sau ɗaya, ta zauna a bakin gado, ta naɗe gefen mayafinta a yatsa, ta riƙa amsa tambayoyin ɗalibin tana kallon takalminsa. Da aka gama, Madam Koral ta kori kowa ta rufe ƙofa.

"A ina kika yi wasa?"

Haulat ta ce ita matar aure ce, ba ta yi ko'ina ba. Tsohuwar ta ce kada ta raina mata hankali, ta shafe shekaru tana koya wa mutane abin da za su yi da hannuwansu, babu wanda ke zuwa da shi daga gida. Sai Haulat ta faɗa mata, a taƙaice.

Daga nan suka saba, irin sabon da ba ya rasa faɗa. Bayan aiki sukan sayi shayin karak mai madara da kayan ƙamshi su zauna a inuwar wani gini suna kallon injinan ɗaga kaya, Koral tana ba da tarihinta ko an tambaye ta ko ba a tambaya ba. A wani ƙaramin garin masu haƙar ma'adinai aka haife ta. Ta gudu Adelaide tana budurwa, ta yi shara a gidan wasa kafin a bar ta ta hau dandamali. Daga can ta wuce Sydney, ta yi manyan wasanni, ta shekara da shekaru a wani shirin talabijin tana fitowa a matsayin sajan ɗin 'yan sanda har mutane na sara mata a kanti. Ta yi finafinai, an taɓa ba ta lambar yabo. Da ta doshi hamsin sai aka koma kiranta ta fito uwar jarumi, daga baya maƙwabciyar uwar jarumi, a ƙarshe aka nemi ta yi tallar man goge haƙoran roba. Ranar ta zagi wakilinta, ta nemi aiki a ƙasar waje. Ta ce an ci moriyarta an yar da ita, ta ce duk daraktocin ƙasarsu matsorata ne masu tsoron fuskar mace mai tamoji.

Haulat ta daɗe tana saurare. Wata rana dai ta ajiye kofinta ta ce, "Madam, shekara talatin aka ba ki. Kin yi sajan, kin yi sarauniya, kin yi uwa. Ni ko uwar ba a bari na kai ba. Don Allah ki daina yi mini kukan an zalunce ki."

Koral ta ce to ta rabu da mijin mana, tunda shi ne ya tare hanya. Nan Haulat ta fi hasala. Ta ce mata ba ta san Uwais ba, ba ta san mutumin da ya kwana tsaye a asibiti ranar haihuwar Sana ba, kuma ita ba ta zo Doha don wata baƙuwa ta koya mata yadda ake kashe aure ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi tashar metro. Suka yi kwanaki ba sa magana sai ta aiki, har ranar da Koral ta turo mata takardar jarrabawar ƙarshen zango, ta ce babu wanda zai iya wannan sai ita.

Takardar ta wata mata ce da ta kawo mahaifinta asibiti da ƙafarsa, aka bar shi a layi, ya cika kafin likita ya gan shi. Aikin ɗalibi shi ne ya shigo ya sanar da ita. Malam Ja'afaru bai daɗe da rasuwa ba a lokacin, kuma Haulat ba ta samu zuwa jana'iza ba. Ba ta faɗa wa kowa a cibiyar ba. Da ɗalibin ya shigo, wani saurayi mai ladabi, ya fara jero kalmomin da aka koya masa, sai ta miƙe tsaye. Ba ta yi ihu ba da farko. Ta tambaye shi sunan mahaifin nata, ya duba takarda kafin ya amsa, ta tambaye shi me ya sa sai ya duba. Daga nan muryarta ta hau, Turancin ya ƙare mata ta koma Hausa, ta buga tafin hannunta a kan tebur har abin auna jini ya faɗi. Yaron ya tsaya hawaye na zubo masa. Malaman da ke kallo ta bayan gilashi suka ce ba su taɓa ganin darasi irin wannan ba. Koral ba ta yabe ta ba, ta dai kawo mata ruwa ta zauna kusa da ita har numfashinta ya daidaita.

Ana ɗaukar duk jarrabawa a bidiyo don malamai. Wani ma'aikacin sashen yaɗa labarai na cibiyar ya ga wannan ya burge shi, ya yanko minti ɗaya ya ɗora a shafinsu ba tare da ya tambayi kowa ba. Kafin mako ya zagayo wani shafin tsegumi na Hausa ya ɗauka. Wasu suka ce tsohuwar jaruma Haulat Funtuwa ta haukace a wani asibitin Qatar. Wasu suka ce a'a, fim ta koma a ɓoye, mijin ya kai ta ƙasar Larabawa ya sake mata. Aka yi ta rubuce-rubuce a ƙasan bidiyon, masu yi mata addu'ar shiriya da masu zagin iyayenta, har da wanda ya ce daman 'yar fim ba ta tuba. Waɗanda ba su taɓa tambayar ko tana raye ba duk suka farka.

Uwais ya dawo da la'asar, abin da ba ya yi, ya same ta tana yanka albasa. Ya ce Yaya Haladu ya kira shi, Hajiyarsu ma ta kira tana kuka. Ya ce shi ya san ba ta yi laifi ba, ya san aikin koyarwa ne, amma ta ɗan dakata tukuna.

Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta juyo.

"Abban Sana, wancan tukunan da ka ce mini muna amare, ya ƙare ne da za ka ba ni wani? A gaban Baba ka yi alkawari. Baba ya mutu yana jiran ya sake ganina a akwatin da yake gyarawa. Na zauna, na yi shiru, na ce amin ga duk wadda ta ce Allah ya tsamo ni daga ƙazanta. Ba ƙazanta na yi ba, aiki na yi, kuma na iya shi. Yaya Haladu ba shi ya aure ni ba. In kai ne ba ka so, ka buɗe baki ka ce kai ne, in san da wa nake magana."

Bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Ya zauna a kujerar kicin yana murza hularsa. Ta ci gaba da girki, ta zuba masa abinci, ta kai Sana ɗaki ta taya ta aikin makaranta. Washegari ta shirya ta fita aiki a kan idonsa, bai hana ta ba.

A cibiyar ma ba ta raga wa kowa ba. Ta shiga ofishin mai yaɗa labaran ta tambaye shi ko fuskar matarsa ce zai ɗora ba izini. Ya fara cewa ai talla ce mai kyau gare ta, sai ga Koral ta shigo ta ƙarasa abin da Haulat ta fara, da kalmomin da sai da aka rufe ƙofa. Aka sauke bidiyon, aka ba ta haƙuri a rubuce, aka ce khalas, magana ta wuce. A wurinsu ta wuce. A wayoyin mutanen Funtuwa da Kano tana nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Haladu ya sake kira. Haulat tana ninke kaya a falo, tana jin muryarsa ta cikin wayar yana tambaya ko an aiwatar da abin da ya ce. Uwais ya gyara zama. Ya ce, "Yaya, matata tana koyar da ma'aikatan asibiti ne, kuma ni na ba ta izini. A bar maganar nan." Haladu ya kashe wayar. Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwar ƙaninsa sai a daƙile, Hajiya kuma in ta kira takan tambayi Sana ta tsallake uwarta. Uwais ya juyo yana kallon Haulat kamar mai jiran a ce masa sannu. Ta ce masa ta ji, Allah ya saka, amma ya makara da shekaru masu yawa. Ta ga maganar ta soke shi, ba ta janye ba. Da yamma dai ta dafa masa dambun da yake so.

Ba a jima ba Koral ta zo aiki fuskarta kamar an kunna fitila. Wani gidan wasa a Melbourne ya neme ta ta fito a matsayin wata tsohuwa mai gidan haya, babbar rawa, wadda labarin duka ke kanta. Matar da ta shekara tana tsine wa daraktocin ƙasarsu ta koma karanta takardun wasan a lokacin cin abinci, tana dariya ita kaɗai. Haulat ta taya ta murna da baki. A cikin jirgin metro kuwa, a ɓangaren mata, ta juya fuskarta ga taga tana cizon leɓe. Ita Koral ƙofarta rufewa kawai ta yi, ga shi an sake buɗe mata tana da furfura. Tata ƙofar toshe ta aka yi da bulo tun tana da ƙuruciya. Ranar bankwana Koral ta rungume ta ta ce ita ce mafi iya wasa a duk waɗanda ta koyar. Haulat ta ce ba ita ta koya mata ba. Tsohuwar ta yi dariya ta ce gaskiya ne.

Kafin ta tafi ta rubuta wa shugabannin cibiyar cewa Haulat ce ta dace ta gaje ta. Suka yi godiya, suka ɗauko wani mutum daga wata ƙasa mai takardar shaidar koyarwa, wanda bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba. Aka ce Haulat ta zama mataimakiyarsa. Ta karɓa, bayan ta faɗa musu abin da take gani game da zaɓin nasu. A aikace ita ke horar da sababbi: direbobi da masu gadi da ke zuwa ranar hutunsu, da matan ɗalibai biyu da suka biyo ta a ɓoye daga Nu'aija, waɗanda a da suna cikin masu yi mata addu'ar rabuwa da harkar. Tana da tsanani. Wanda ya riƙe ciki yana nishin ƙarya takan tsayar da shi ta tambaye shi ko haka ya ga uwarsa na yi in ba ta da lafiya.

Karatun Uwais ya kusa ƙarewa, kuma maganar komawa gida ta fara shigowa hirarsu. Ta riga ta faɗa masa cewa in sun koma ba za ta zauna ba. Ko asibitin koyarwa ne za ta je ta nuna musu yadda ake wannan aiki, in kuma wani ya kawo mata labarin da ya dace da mace mai shekarunta, za ta karanta. Ya ce sai sun je sun gani. Ta ce shi zai gani, ita ta gama gani.

Koral ta turo mata ɗan bidiyon daren buɗe wasan, tana tsaye a tsakiyar dandamali cikin wata tsohuwar rigar sanyi, mutane sun miƙe suna tafi. Haulat ta kalla a tashar Lusail tana jiran jirgi, ta sake kalla, ta kashe wayar ta jefa a jaka. Sai bayan kwana biyu ta amsa. Ta rubuta mata cewa ta yi kyau, Allah ya ƙara ɗaukaka, amma ta rage wasa da hannun hagu, yana janye ido daga fuskarta.